Zuwa ga Abba, kan maganar gasar barkwancin nan

Assalamu alaikum Abba. Ya karatu, ya zafin Dutse? Mu nan kowa lafiya lau, mun gama yankan gero saura wake da ɗan riɗin da na zuba a gonar bayan gari. Innarka na gaishe ka, ita ce ma ta tasa ni gaba in rubuto, don tunda ƙaninka ya kunna mata bidiyon nan naka a waya ba ta barni na sha ruwa ba, wai lallai in hana ka. Na kira ka sau biyu daren jiya sabis ya ƙi, ka san halin garin nan, shi yasa nace bari in zauna in danna a hankali in ka samu data ka karanta.

Toh ni dai ba hana ka zan yi ba, ka kwantar da hankalinka. Na ji yadda tsarin yake, wai kowa za a miƙa masa makirfo a ba shi minti biyar ya tsaya shi kaɗai a gaban jama'a, ba kiɗa ba abokin tayi, alƙalai na zaune suna ba da maki. Innarka tace wannan ai roƙo ne da rigar 'yan boko, ɗan malamin makaranta guda zai je ya zama abin dariya. Na ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ita ta san da me na shawo kanta a dandali lokacin da ko keke ban mallaka ba. Ta harare ni ta shige ɗaki.

Ku kuna ce masa kwamedi kuna ganin kamar daga Legas ko Amurka aka kawo muku shi a waya. Mu da muka tashi mun tarar da 'yan kama. Ranar Lahadi in kakanka mai sunanka ya tafi da ni kasuwar Gujungu, ni ba awakin ne ke kai ni ba, inda aka yi da'ira nake nema. Mutum ɗaya ne zai tsaya a tsakiya ya naɗa wani ƙazamin rawani ya gyara murya kamar babban malami zai buɗe karatu, sai ka ji karatun nan kaf a kan tuwo ne da miya da yadda ake yi wa ƙashi hukunci in an same shi a kwano. Ko ya ɗauki waƙar wani babban makaɗi da kowa ya sani ya cire sarki ya sa fura a gurbinsa. Dattawa da gemu su yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne kusan duk abin da ɗan kama ke faɗa kansa yake komawa, shi ne mayunwacin, shi ne makwaɗaicin, shi ne wanda aka kora daga gidan biki. Ga kuma tashe in azumi ya kai goma, kai ma ka yi, kai ne ka sa gemun auduga da tsohuwar rigata har ka yaga min aljihu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na kalli bidiyon naka sau uku. Inda kake kwaikwayon yadda nake cinikin taki, ina tafiya ina dawowa kamar na fasa alhali mai takin ya san ba inda za ni, wallahi na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ka kama ni sarai. Amma da ka zo kan mai in'inar nan da ke sayar muku da shayi a bakin makaranta sai na ji jikina ya yi sanyi. Na ji abokanka sun fi shewa a wurin, na san kuma shi kake shirin kaiwa gasar tunda shi ya fi tashi. Abba kar ka kai shi.

Ka duba yadda Bahaushe ya tsara wasansa. Bakano na tsokanar Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare kullum suna musun wane ne bawan wani, Bahaɗeje in ya gamu da Bakatsine sai an raba su, jika na ce wa kakarsa matata, taubasai kuwa ba a magana. Duk waɗannan in ka lura abu ɗaya ya haɗa su, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma yana da haƙƙin ramawa, yau ka ci shi gobe ya ci ka a tashi ana dariya. Shi yasa ake cewa abokin wasa. To kai in ka hau dandamali makirfo na hannunka kai kaɗai, lasifika na kai muryarka har titi, ga wayoyi sun fi hamsin a sama suna ɗauka, mai shayin nan da wane baki zai rama? Ko yana wurin ma kafin ya haɗa kalma ɗaya an gama dariyar an wuce.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ko innarka ba. Shekarar da na fara koyarwa aka tura ni wata firamare ta ƙauye, ina saurayi ina ji da kaina, yara na sona saboda ina sa su dariya. Akwai wani yaro ɗan aji huɗu mai in'ina, shi ya fi kowa lissafi a ajin. Ran nan na ce ya tashi ya karanta abin da ke kan allo, ya maƙale a kalmar farko, ni kuma shaiɗan ya ja ni na maimaita yadda ya yi. Ajin nan ya kece, har na wani aji suka leƙo ta taga. Ni a lokacin daɗi ma na ji. Yaron ya zauna bai yi kuka ba bai ce komai ba, washegari bai zo ba, jibi bai zo ba, da na aika gidansu aka ce ya bi babansa kiwo ya ce shi ya gama boko. Na ce a raina ai dama 'ya'yan ƙauye haka suke. Sai bayan shekara ashirin da wani abu na je sayen ragon layya, wani magidanci ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi ya rage min kuɗi masu yawa a kan ragon, da na tambaye shi ina ya san ni sai ya yi murmushi yace malam ai ni ne wanda ka kwaikwaya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ja ragon nan zuwa tasha ƙafata kamar ba tawa ba, naman ma ban iya ci ba a sallar. Na koma na nemi gafararsa ya ce ya yafe tuntuni, amma lissafin nan da Allah ya ba shi wa zai dawo masa da shi?

Ka buɗe Suratul Hujurat aya ta 11 ka karanta da kanka, an hana wasu su yi wa wasu izgili, an hana jifan juna da sunayen banza. Kuma kar wani ya ce maka addini ya hana raha, Manzon Allah (SAW) yana raha amma ba ya faɗar sai gaskiya, ka tuna tsohuwar da ya ce wa tsofaffi ba sa shiga aljanna ta damu, sannan ya bayyana mata ai 'yan mata za a mayar da su. Akwai kuma hadisin da ya yi kashedi mai zafi ga mai shirga ƙarya don mutane su yi dariya. Na kai wa liman maganar bayan magariba mun daɗe a kai, abin da na fahimta dai ka tsaya kan abin da ya faru da gaske, in ka ƙara gishiri ya zama gishirin da kowa ya san gishiri ne, kar ka ƙaga wa wani bawan Allah abin da bai yi ba. Shi kuwa kwaikwayon karatun malamai da na ce 'yan kama na yi, wannan ka bar musu a zamaninsu, kiɗa ya canza. Aya da hadisi da kiran sallah ko kusa da su kar ka je, ko da kuwa shi ne zai ba ka kofin.

Sai maganar masu mulki, don na san ku yara nan ne bakinku ke ƙaiƙayi. Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Ɗanlasan ne nan Warawa, ɗan ƙauye kamarka, gandiroba ne ma kafin ya koma wasa, kuma har ya rasu a Disambar 2014 ban ga wanda ya kai shi sa Hausawa dariya ba. Duk da sunan nan nasa a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta Kano ta yanke masa wata biyu a gidan yari kan fim ɗin da hukumar tace finafinai ta ce bai bi ƙa'ida ba, mutumin da ya tsare fursuna ya koma ana tsare shi. A 2022 ma wasu samari biyu 'yan TikTok a Kano suka yi wa gwamnan lokacin shaƙiyanci, kotu ta sa aka yi musu bulala ashirin-ashirin ga tara ga sharar kotu na kwana 30. Ko hukuncin ya yi daidai ko ya yi tsauri wannan muhawarar majalisa ce, ni abin da na sani ba ni da lauya ba ni da kowa a sama, fanshon ma sai an ga dama. Ka yi maganar tsadar taki, ka yi ta ramukan hanya, ka yi ta wutar da ake kawowa ƙarfe uku na dare kowa ya tashi a gigice yana neman caja, jama'a sun san inda ka dosa ba sai ka kama suna ba. Baki shi ke yanka wuya.

Mata ma ka bar su. Na ga yawancin yaran nan in dariya ta ƙi zuwa sai su faɗa kan zawarawa ko mai ƙiba ko baƙar mace ko batsa, wannan alamar guzuri ya ƙare ne. Yayarka zawarci take yi a ɗakin innarka yanzu haka, ka san ba ita ta so ba.

Game da ita gasar kuwa, shekara talatin da biyar na yi ina tsayawa gaban yara, ɗan abin da na sani ke nan. Kar ka yi sauri, kai in ka tsorata magana na zubo maka kamar an ɓalle famfo. In ka jefa magana aka fara dariya ka yi shiru ka bar su su gama, kar ka taka dariyarka da kanka. Kai kuma kar ka riga su darawa. Wanda ka fi yarda da shi ka ajiye shi ƙarshe, na biyunsa ka buɗe da shi. In ka faɗi wani aka yi tsit kamar an yi mutuwa, zai faru, kar ka tsaya bayani kar kuma ka zargi mutane da rashin ganewa, ka tsokani kanka ka wuce. Kar ka ɗauko na wani a waya ka canza masa riga, yaran yanzu duk sun gani, tun kafin ka kai ƙarshe wani zai ƙarasa maka daga baya. Hausarka ta gida ka yi, in ka ce sai ka yi irin Turancin 'yan Legas za su fi ka iyawa, amma ba wanda zai fi ka sanin yadda ake cusa mutum tara da akuya biyu a motar Gujungu direba na rantsuwa akwai sauran wuri.

In an ci Alhamdulillahi, in ba a ci ba ka je ka miƙa wa wanda ya ci hannu, ban da zagin alƙalai a Facebook. Kuma jarrabawarka na nan tafe, in na ga sakamako ya yi ƙasa ni da kai ne, innarka ma ba sai ta yi magana ba.

Minti ɗaya da rabin da za ka rasa in ka cire mai shayi, na ba ka kaina ka cike da ni. Ka ba su labarin ranar da na hau mashin ɗin kawunka karon farko na manta inda birki yake na yi ta zagaya masallacin Juma'a ina yi wa mutane sallama har mai ya ƙare. Ka ba su na rediyona da nake ɗaure wa batir da kyauro ina dukansa in ya yi shiru. Har na ragon ma na yarda in za ka iya faɗarsa yadda ni zan zama abin dariyar, amma ka fara karanta min a waya in ji. Innarka dai kar ka kuskura ka sako ta, don ni zan kwana a gidan.

Na ba direban da ke zuwa Dutse ranar Laraba ƙulli, akwai ƙuli-ƙuli da yaji da dubu biyar na mota a cikin ledar garin kunu, ka duba da kyau kar ka zubar. Ka wuce wurin mai shayin nan ka goge bidiyon a gabansa, ka ce wa abokanka su ma su goge, sannan ka sayi shayi ka biya.

Babanka.