A koma bayan shekara biyar a sake tambaya

Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina karanta shafinku na kimiyya da lafiya, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya tayar da ni shi ne labarai biyu da kuka jera a shafi ɗaya. Na farko a kan cutar endometiriyosis, inda marubucin ya rufe da cewa idan magani ya gaza sai a yi tiyata a cire, mace ta huta. Na biyu a kan girafin, wani siririn falle na ƙwayoyin kabon, da danginsa, waɗanda kaurinsu bai wuce ƙwayar zarra ɗaya zuwa uku ba, aka ce sun kusa korar silikon, wanda ake ƙera ƙwaƙwalwar na'urori da shi, daga cikin wayoyinmu. Duka biyun sun taɓa ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Fiziks a sakandare, kuma sau biyu ana kwantar da ni a teburin tiyata saboda wannan cuta. Ko da na kai ƙarshen shafin sai na ga lalura ɗaya ce ke damun labaran biyu: an tsaya a ranar murna, ba wanda ya koma ya leƙa abin da ya biyo baya.

Bari in fara da wanda ke jikina, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Endometiriyosis wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zuba duk wata, sai dai shi a waje yake tsirowa: a kan jakar ƙwai, a bayan mahaifa, wani lokaci a jikin hanji ko mafitsara. Yana amsa kiran sinadarin istirojin, ya kumbura, ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita. Daga nan sai raɗaɗi, sai tabo, sai kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, wajen mata miliyan 190. Tun ina shekara 15 nake murƙususu duk wata, ana ce mini ciwon mara ne, kowace mace da nata. Sai da na kai 27 aka kira abin da sunansa.

Ba na manta hotunan da likita ya nuna mini bayan aikin farko. Ta cibiya aka zura kyamara, saboda haka cikina na gani tar a kan allo. Ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a warwatse, kamar inda tartsatsin wuta ya faɗa wa farin ƙyalle. A jakar ƙwai ta hagu kuma ga wani ƙulli da ya kai ƙwan kaza, cike da tsohon jini mai kauri, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Ya ce, "Malama, mun kwashe duk abin da ido ya gani." Kunnena ya ɗauki "mun kwashe duk", ya bar sauran maganar a ofishinsa. Ba a ce mini in dawo ba sai idan na ji wani abu, ba a kuma ɗora ni kan komai ba.

Shekara biyu na yi kamar an sake haihuwata. A ta uku, ina tsaye a gaban allo ina zana wa ɗalibai yadda ake jera batura, sai na ji wannan suka da na sani tun ina yarinya, daga mara zuwa cinya. Na dafe gefen tebur, na ce su kwafe zanen, na juya musu baya don kada su ga fuskata. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Da na shiga karatu a kai sai na tarar abin da ya same ni ba baƙo ba ne. A 2009 wani mai bincike a birnin Shanghai, Sun-Wei Guo, ya tattara rahotannin da aka wallafa, ya ƙiyasta cewa cutar na dawowa ga kashi 21.5 cikin ɗari na mata a shekara biyu bayan tiyata, ga kashi 40 zuwa 50 a shekara biyar. Kusan rabi ke nan. Wannan adadi ne ya kamata a ce yana cikin labarinku, ko da a layin ƙarshe. Amma shi ma a riƙe shi da lura, domin masu bincike ba su haɗu kan ma'anar "dawowa" ba. Wani ciwon da mace ta faɗa yake ƙirgawa, wani ƙullin da ya gani a hoton awo, wani kuma sai an sake yanka ya rubuta. Sannan akwai tambayar da ta fi kowace ci mini rai: sabon tsiro ne, ko ragowar tsohon ne da ya fi ƙarfin ido? Tun 1927 likitan nan na Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin cewa jinin al'ada na komawa da baya ta bututun ƙwai ya zuba a cikin ciki. Idan haka ne, tiyata ta share ɗaki ne kawai, rufin na nan yana yoyo duk wata. Sai dai yawancin mata jininsu na yin wannan komawar, ba dukansu ke kamuwa ba, don haka bayanin nasa bai rufe zancen ba. A 2023 wani babban bincike da Jami'ar Okusfod ta jagoranta, wanda ya duba mata sama da 60,000 masu cutar, ya gano wurare 42 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, wasunsu ma suna da nasaba da yadda jiki ke jin ciwo. Shi ya sa wata za a buɗe ta a ga ɗigo biyu tana kuka, wata a tarar cikinta ya cakuɗe tana harkokinta.

Akwai abin yi, kuma nan ne na fi jin haushin shirun da aka yi mini. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, a ƙa'idojinta na 2022, ta ba da shawarar a ci gaba da maganin homon, wato mai daidaita sinadaran jikin mace, na dogon lokaci bayan tiyata ga wadda ba ta neman ciki nan take, don rage dawowar cutar. A 2024 kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitoci 34 na Birtaniya, da mata 405. An raba su biyu bayan aiki: wasu aka ba su ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum, wasu allurar wata uku ko na'urar homon da ake sakawa a mahaifa. Bayan shekara uku ciwo ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari a ɓangarorin biyu, amma masu allura da na'ura ba su kai na ƙwaya yawan komawa ga wata tiyata ko wani magani mai ƙarfi ba: 73 aka ƙirga a wajensu, 97 a ɗaya ɓangaren. Ba warkewa ba ce, amma da an faɗa mini irin wannan tun farko, mai yiwuwa da ban dafe tebur a gaban yara ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk waɗannan magunguna suna hana ɗaukar ciki muddin ana kansu, mata da yawa kuwa neman haihuwa ne ma ya kai su asibitin. Kuma kowace yanka a jakar ƙwai tana tafiya da wani abu daga ajiyar ƙwan mace. Yanke ƙullin da bangonsa ya fi tsiyaye shi hana dawowa, amma ba kyauta yake zuwa ba. Masu cewa "ki haihu zai tafi" su ma su sani, ƙa'idojin nan sun ce kada a tura mace ɗaukar ciki a matsayin magani. Cire mahaifa ma ba tabbas ba ne, tunda naman ba a cikinta yake ba.

To, sai girafin. Wannan darasi ne da nake so, domin kayan aikinsa fensir ne da salatif. Nakan sa ɗaliba ta goga bakin fensir a takarda har wurin ya yi sheƙi, ta manna salatif ta ɗaga, ta naɗe shi a kan kansa ta ɓare, ta sake, ta sake, har baƙin ya koma kamar inuwa idan an ɗaga shi ga taga. In ce musu da irin wannan ɓarewar Andre Geim da Konstantin Novoselov suka fitar da falle ɗaya na ƙwayoyin kabon a Jami'ar Mancesta a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. Milimita ɗaya ta girafait, wato baƙin da ke bakin fensir, tana ɗauke da irin wannan falle wajen miliyan uku. Lantarki na gudu a cikinsa fiye da yadda yake gudu a silikon nesa ba kusa ba.

Abin da marubucinku bai faɗa ba shi ne girafin famfo ne da ba ya rufuwa. Kwamfuta kuwa da kunnawa da kashewa take lissafi. Taransista maɓalli ne, idan ba zai kashe wuta sarai ba, ba ya yi mata amfani. Silikon yana da wani giɓi na makamashi da ke ba shi damar toshe lantarki, girafin ba shi da shi. Wannan ne ya karkata hankalin masana ga wani ɗan uwansa mai kaurin zarra uku, haɗin molibdinam da farar wuta, wanda shi yana da giɓin. A 2011 ayarin Andras Kis a birnin Lozan na Suwizalan suka yi taransista da falle ɗaya nasa. A 2017 aka haɗa irin wannan taransista 115 a Biyana suka zama 'yar ƙwaƙwalwar lissafi. A 2025 Jami'ar Fudan, ita ma a Shanghai, ta kai 5,900. Aiki ne na a yaba, amma a tuna cewa ƙwaƙwalwar Intel 4004 ta 1971 tana da 2,300, ta wayar da ke hannunku kuwa biliyoyi gare ta. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin girafin na Yuro biliyan ɗaya tun 2013. An sami abubuwa masu amfani, amma silikon yana nan daram a kujerarsa.

Me ya hana? Mafi yawa ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani. Akan shuka fallen girafin a kan tagulla, sannan a ɗauke shi da wata 'yar roba a mayar inda ake so. Robar na barin saura, fallen na tattarewa ko ya yage, inda ƙarfe ya haɗu da shi lantarki na cijewa. Abu mai kaurin zarra ɗaya duk jikinsa fata ne, ƙura kaɗan ta isa ta canza halinsa. Yin ɗaya mai kyau a ɗakin gwaji daban, yin biliyan iri ɗaya da za su yi shekaru suna aiki daban. Na san jikin mace ba allon lantarki ba ne, ba na kuma son in matse kwatancen har ya fashe, amma duk sanda na karanta batun wannan saura da ke ɓata aiki, maganar likitana ce ke dawo mini: abin da ido ya gani.

Akwai ma inda fannonin biyu suka kusa haɗuwa. Wannan saurin ji na girafin ya sa tun 2007 aka nuna yana iya gane saukar ƙwayar iskar gas guda ɗaya a kansa, ana kuma ƙoƙarin yin na'urorin awon jini da shi. To amma me za a ce masa ya nema? A 2016 masu tace bincike na Cochrane suka duba alamomin jini da aka gwada don gano endometiriyosis, ba su sami ko ɗaya da ta isa a dogara da ita ba. Awon jini na CA-125 da akan yi yana iya hawa don wasu dalilai, yana iya zama lafiya lau alhali cutar na nan. Ga ma'auni mai jin nauyin ƙwaya ɗaya, abin da za a ɗora masa ne babu. Mace kuwa tana nan tana jiran ciwo ya sanar da ita cewa baƙonta ya dawo.

Roƙona gare ku, Edita, ƙarami ne. Idan za ku sake kawo labarin wata tiyata ko wata sabuwar ƙirƙira, ku sa wakilinku ya ƙara tambaya ɗaya: bayan shekara biyar fa? Mutum nawa aka bi, har tsawon wane lokaci, nawa suka koma asibiti? 'Yar uwata da ke shirin shiga ɗakin aiki kuma, kafin ki sa hannu ki tambayi likita me za a ɗora ki a kai bayan an sallame ki, yaushe za ki dawo awo ko da ba kya jin komai, kuma me aikin zai taɓa a ajiyar ƙwanki.

Bayan aikina na biyu wata likita ce ta zaunar da ni, ta zana mini komai a bayan takardar sallama, muka zaɓi na'urar mahaifa. Shekara huɗu ke nan. Ƙullin bai dawo ba a hoton bara, ciwon kuwa yakan leƙo wata-wata, ba kamar da ba. Awona na gaba a watan Maris ne, na riga na nemi wanda zai riƙe mini aji ranar.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar Fiziks