Kalma ɗaya ba ta isa auna makaranta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake auna makarantu a Ingila.

Shekara da shekaru hukumar Ofsted tana tura masu duba makarantu su yi kwana ɗaya ko biyu, sannan su yanke wa makaranta hukunci da kalma ɗaya cikin huɗu, daga "fitacciya" zuwa "ta gaza". A Janairun 2023 Ruth Perry, shugabar firamaren Caversham a garin Reading, ta kashe kanta bayan an sauke makarantarta daga matakin ƙoli zuwa na ƙarshe. Binciken mutuwarta ya tabbatar cewa ziyarar da masu duba makarantu suka kai ta taimaka wajen jefa ta cikin wannan hali. Sai a Satumbar 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya.

Ni malami ne, kuma ba na ƙin a duba aikinmu. Amma da zarar an ce makaranta "ta gaza", iyaye masu hali su kwashe 'ya'yansu, ƙwararrun malamai su nemi canji, a bar 'ya'yan talakawa da tambarin. Wa zai yarda ya karɓi shugabancin irin wannan makaranta?

Naka,
Wani malamin firamare, Zariya