Wasiƙa zuwa ga Malam Bello game da tafiyar Badagry

Jos, Jihar Filato.

Zuwa ga aminina Malam Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen Sakkwato. Saƙonka ya iso ni, wanda kake neman shawarata a kan niyyarka ta kai ɗaliban tarihi Badagry, kuma na ga ya dace in ba ka amsa a tsanake, domin abin da zai fi cin lokacinku a wannan tafiya shi ne sufuri.

Garin kam ya cancanci ziyara. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ko da yake ina so ka tuna wa ɗalibanka cewa hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba. Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, da ɗakunan tsare bayi na Seriki Abass, sannan tsibirin Gberefu, inda a da ake bi da bayi zuwa bakin teku a ɗora su a jirgi.

Daga cikin Legas, motocin Badagry suna lodi a Mile 2. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023 yana kai mutum daga Marina zuwa Mile 2 ɗin, daga nan kuma sai bas ɗin da suke kira danfo, wadda ba ta tashi sai ta cika. Tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 60 ba, amma cunkoson wajajen Okokomaiko da Agbara yana iya cinye rabin yini, kuma da yake hanyar ce ke fita iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, shingayen bincike suna da yawa. Kowane ɗalibi ya riƙe katin shaidarsa, kai kuma ka riƙe takardar makaranta.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne tsallaka ruwa zuwa Gberefu. Kwalekwale mai inji ake shiga, kuma yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Kada ka yarda ko ɗaya ya shiga ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba, kada a yi lodin da ya wuce kima don rage kuɗi, kuma ku tsallako tun rana ba ta faɗi ba. Bayan an sauka akwai tafiyar ƙasa mai ɗan tsawo cikin rairayi, don haka ku ɗauki ruwan sha. Ku guji watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a can. Disamba ko Janairu sun fi.

Na lura da murnarka game da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, kuma ni ma ina addu'ar Allah ya sa a kammala ta. Sai dai irin wannan hanya bakin gari take ajiye mutum. Ƙauyukan masunta na ƙabilar Egun da ke tsallaken ruwa, inda mata ke fito da kwakwa da bandar kifi zuwa kasuwa, abin da suke bukata shi ne matsayar jirage mai kyau, da kwalekwalen da ke tashi a kan lokaci sananne, da kuɗin shiga da aka rubuta a allo don kada baƙo ya tsaya ciniki. Idan babu waɗannan, mai yawon buɗe ido yakan zo a motar shata, ya ɗauki hoto, ya koma Legas kafin magariba, ba tare da ƙauyen ya ga sisinsa ba. Mu a Filato mun san wannan sarai: magangarar ruwan Assop tana samun baƙi saboda tana bakin titi a Hawan Kibo, alhali ta Kurra, duk da kyanta, sai mai motar kansa ke iya kai mata ziyara cikin sauƙi.

Saboda haka nake roƙonka ku kwana a Badagry ɗin, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku shiga Keke Napep da kwalekwalen mutanen wurin, ku ci abincinsu. Ka sanar da ni yawan ɗaliban da ranar da kuka tsayar, domin in duba ko zan iya haɗuwa da ku a Legas.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Malam Babba idan ka leƙa gida.

Naka amini,
Sani