Shakka da Tambaya a Koyarwar Buddha: An Yanke wa Maganar Ƙafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi gyara a kan wata magana da ke yawo a wayoyin matasanmu. Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ina zaune wajen mai shayi a Samaru, sai wani tsohon ɗalibina da ke jami'a yanzu ya miƙo mini wayarsa. Hoton mutum-mutumin Buddha ne, malamin nan da ya kafa addinin da ake kira da sunansa, an rubuta a ƙasansa wai kada mutum ya yarda da komai, ko daga bakin wa ya fito, sai abin da ya dace da hankalinsa. Ya ce, "Malam, ka ga 'yancin tunani ke nan." Na ce masa maganar tana da tushe, amma an yanke mata ƙafa.

Ni Musulmi ne, kuma ba kira nake yi zuwa ga addinin kowa ba, sai dai adalci ne a ruwaito maganar mutane yadda suka faɗe ta. Asalinta yana cikin littattafan mabiya Buddha na harshen Pali, a jawabin da Buddha ya yi wa ƙabilar Kalama a garin Kesaputta, arewacin Indiya, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mutanen sun kai masa kuka cewa masu wa'azi suna ratsa garinsu, kowa ya wasa wuƙarsa ya kushe na baya, har sun rasa wa ke faɗin gaskiya. Bai tsawata musu ba, ya ce shakkarsu ta taso a inda ya kamata ta taso. Sannan ya lissafa abubuwa goma da bai kamata su zama madogara ba, cikinsu har da abin da aka gada kaka da kakanni, da ji-ta-ji-ta, da kwarjinin mai magana, da cewa "ai malaminmu ne". Abin da hoton wayar ya ɓoye shi ne, a cikin goman nan akwai hujjar hankali kanta, da kintace, da ra'ayin da ya kwanta wa mutum a rai bayan ya yi ta juya shi. Ashe hankalin da aka ce shi kaɗai ne alƙali, shi ma an sa shi cikin waɗanda ake tuhuma. Ma'aunin da Buddha ya ba su na aiki ne: su lura, idan haɗama ko ƙiyayya ko ruɗu ta kama zuciyar mutum, alheri take jawo masa ko cuta, kuma masu hikima yabon abin suke yi ko zarginsa.

A wannan tafarkin ma ba kowace shakka ake yabo ba. Suna da shingaye biyar da suke cewa suna tare mai neman natsuwar zuciya: sha'awa, da ƙullaci, da kasala, da rawar kai haɗe da damuwa, na biyar kuwa shakka ce, wadda suke kira wicikicca. Sun kwatanta ta da ƙwaryar ruwa mai gurɓata da laka da aka ajiye cikin duhu, wadda ba mai leƙawa ya ga fuskarsa. Wannan ita ce shakkar mutumin da ya tsaya a mararraba ya ƙi tambaya, ya ƙi tafiya. Maganinta a wurinsu shi ne a bincika, a tambayi wanda ya sani, a gwada.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda malamin ya bar ƙofa a buɗe a kan kansa. An ruwaito cewa wani attajirin garin Nalanda na Indiya mai suna Upali ya zo yin muhawara da shi, aka rinjaye shi, nan take ya ce ya bi. Sai Buddha ya ce masa ya ƙara bincike tukuna, kuma kada ya daina ba tsofaffin malamansa sadakar da ya saba. Da ajali ya zo wa Buddha a garin Kusinara, sau uku yana tambayar almajiransa ko akwai mai sauran kokwanto, har ya ce wanda kunyar malami ta hana shi magana ya faɗa wa abokinsa ya tambaya masa.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu, kuma Imam Malik ya shahara da cewa "ban sani ba". Amma a Zariyar nan, garin da ake yi wa kirari da ilimi, na sha ganin yaro ya ɗaga hannu a aji ko a zaure, a ce masa rashin kunya ce. Yaron ba ya daina tambaya don an tsawata masa. Wayarsa yake kai wa, ita kuwa ta ba shi irin guntuwar maganar da aka miƙo mini.

Ɗalibin nawa bai bar ni haka ba. Ya ce, "To Malam, su masu hikimar, wa zai tantance su?" Tambaya ce mai nauyi, kuma na ji daɗinta. Na gaya masa cewa a wani jawabin, Buddha ya umarci almajiransa su sa masa ido da kunne na tsawon lokaci, su ga ko halinsa ya yi daidai da maganarsa, su kuma duba ko shahara da ɗaukaka sun ɓata shi. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi, sannan ya ce zai nemo cikakken jawabin ya karanta, mu sake zama Asabar mai zuwa.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Samaru, Zariya.