Takardar Koke Kan Hanyar Motar Asibiti da ta Kwana-kwana a Birnin Kebbi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gwandu,
Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Kebbi,
Fadar Abdullahi Fodiyo, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka mazauna Badariya, Gesse da Makerar Gandu, tare da wasu direbobi da 'yan kasuwa, mun kawo kukanmu kan abin da jiniya ta zama a garin nan.

Ranka ya daɗe, a da in aka ji jiniya kowa ratsewa yake yi, don an san rai ne a ciki. Yanzu ta yi arha. Ayarin manya na kunna ta, wani ma mai kuɗi ne kawai ya saya ya maƙala wa motarsa. Kunne ya saba, har direba ya daina waiwaye. Kwanan baya ɗaya daga cikinmu ya rako ƙanwarsa daga ƙauye, naƙuda ta zo mata da gardama. Motar asibitin ta tsaya cik a cunkoson bakin kasuwa da yamma, tana ta kuka, masu Keke Napep sun jeru gabanta. Da ya sauko yana roƙon a buɗe, sai wani ya ce masa ai ya ɗauka wani babba ne ke sauri. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma a cikin motar ta haihu.

Idan kuma hanyar ta buɗe, wata fitinar ce. 'Yan kabu-kabu sai su ɗuru a bayan motar suna bin ta a guje, kowa na son cin bulus. Mai ƙetare titi da ya ga ta wuce ya sa ƙafa, shi ake bugewa.

Roƙonmu shi ne Mai Martaba ya isar da wannan ga gwamnatin jiha: duk mahaɗar da ke kan hanyar Asibitin Sir Yahaya, da asibitin tarayya, da titin Kalgo, a sa mata fitilar ba da hannu mai gane motar gaggawa. Motar ce ke aika sigina tun daga nesa, fitilar sauran hanyoyin ta yi ruwan ɗorawa sannan ja, tata ta koma kore. A haɗa su da sola, don fitilar da ke jiran wutar NEPA ado ce kawai.

Mun san abin zai taɓa mu. Wanda ke ɗaya hanyar zai ƙara jira, layi zai yi tsawo, kuma sai fitilar ta zagaya sau ɗaya ko biyu kafin tafiya ta daidaita. Direbobin cikinmu, waɗanda kowane minti kuɗi ne a gare su, sun ce sun yarda. Sharaɗinsu guda: kada na'urar ta shiga motar kowa sai ta asibiti da ta kwana-kwana. In aka raba wa ayarin manya, jiran zai zama na kullum, mutane su fara keta ja, mu koma gidan jiya.

Kafin fitilun su samu, ga hunturu na tafe, lokacin gobara. Muna roƙon a umarci hakimai da masu unguwanni su zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu da na tasha, limamai su taɓo batun a huɗubar Juma'a, jami'an kiyaye haɗurra kuma su cire jiniya daga motar duk wanda doka ba ta ba shi ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, amin.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna Badariya, Gesse da Makerar Gandu.