Wasiƙa daga Roquefort

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi.

Kun tambayi irin garin da nake. Ƙauye ne a kudancin Faransa, cikin yankin Aveyron, ana ce masa Roquefort-sur-Soulzon. Mutanensa ko dubu ba su kai ba. Gidajen na manne a gindin wani dutse mai suna Combalou, wanda ya rufta tun zamanin da, ya bar kogwanni da tsaguna da iska mai sanyi da laima ke bi ta cikinsu rani da damina. Arzikin garin gaba ɗaya a kogwannin nan yake, don a ciki ake ajiye cuku ya nuna.

Ba irin cukun Buzaye ba ne da ake shanyawa a rana. Wannan da nonon tumaki ake yin sa, kuma da gangan ake zuba masa fumfuna. Sai a barbaɗa gishiri, a huda shi da dogayen allurai don iska ta shiga, a jera shi a kan katako cikin kogo. In an yanka za ku ga zane-zane kore-kore a ciki, ga wari. Inna da ta gani ko kaji ba za ta ba su ba. Nan kuwa da tsada ake sayensa, kuma sai ya yi wata uku kafin a kai shi kasuwa.

Abin da ya fi burge ni, Baba, hukuma ce ta tsaya wa makiyayi. Tun 1411 Sarki Charles na shida ya ba mutanen ƙauyen ikon nunar da cukun nan su kaɗai, a 1925 kuma aka yi doka a kai. Ko wani ya yi irinsa sak, muddin bai kwana a kogwannin Combalou ba, ba shi da damar kiran sa da sunan garin. Nonon ma sai na tumakin Lacaune, farare marasa ƙaho.

Su nake tatsa a wata gona da ke kusa, safe da yamma, da inji. A tudun Larzac inda ake kiwo ƙasa ba ta riƙe ruwa, yana sauka take shanyewa, shi ya sa magabata suka haƙa ƙananan tafkuna suka daɓe su da dutse don garke ya sha. Na ɗauki hotonsu na tura wa Yaya, ya nuna muku, ko za a iya gwada irinsu a gangaren bayan gonarmu.

Da magariba garin tsit yake, ma'aikata sun koma Saint-Affrique da Millau. Babu masallaci, a ɗaki nake salla.

Don Allah kada a sayar da tumakin nan saboda tsadar dusa, zan aiko da kuɗi ƙarshen wata. A gaida Inna, a gaida Liman, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.