Wasiƙa zuwa ga ɗana kan takarar Majalisar Wakilai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa niyyar tsayawa takarar Majalisar Wakilai ta Tarayya ta riga ta zauna a zuciyarka. Ka nemi in sa maka albarka, na kuwa sa maka, domin ban ga aibi ba idan mutum mai ilimi da abin yi ya nemi wakiltar mutanensa. Sai dai albarkar uba ba ta hana shi faɗin abin da ya hango, shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan takarda, don ka riƙa komawa gare ta a lokacin da hayaniyar magoya baya za ta hana ka jin kowace murya sai tasu.

Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya nema, akan bar shi da shi, wanda kuwa aka ba shi ba da nemansa ba, akan taimake shi a kai. Ka kuma san cewa Annabi Yusuf, aminci ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, saboda ya san zai iya tsare su. Tsarin da muke ciki ba ya ba kowa kujera sai wanda ya fito ya nema, don haka abin da ya rage maka shi ne ka binciki zuciyarka tsakaninka da Allah, ka ga ko irin neman Annabi Yusuf kake yi, ko kuwa jiniya da rakiyar 'yan sanda ne suka ba ka sha'awa. Ka yi istihara kafin ka sayi fom.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bashin da mutum yake ɗauka a hanyarsa ta zuwa kujerar. A shekarar 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar Majalisar Wakilai a kan naira miliyan 10, PDP kuma a kan miliyan 2 da rabi, dokar zaɓe ta wannan shekara kuwa ta yarda ɗan takarar wannan kujera ya kashe har naira miliyan 70 a yaƙin neman zaɓe. Kowa ya san fom shi ne mafi sauƙi a cikin hidimar. Akwai waɗanda za a gani kafin zaɓen fidda gwani, akwai shugabannin jam'iyya na mazaɓu da na ƙananan hukumomi, akwai man mota da fasta da abincin taro, akwai kuma abin da 'yan siyasa suke kira kayan aiki na daren zaɓe. Na san albashinka, na san abin da ka tara, kuma na san ba za su kai ko'ina ba. Ke nan wani zai zo ya ce zai ɗauki nauyinka.

Wannan mutumin nake so ka yi wa kallon tsanaki tun kafin ka karɓi sisinsa. Uban gida a siyasa ba sadaka yake yi ba, jari yake zubawa, kuma ranar da aka rantsar da kai zai aiko maka da jerin sunayen waɗanda za ka ɗauka mataimaka, da kamfanin da za a ba ayyukan mazaɓa, da ɓangaren da za ka ɗaga wa hannu a zauren majalisa. Idan ka bi, ka zama wakilin mutum ɗaya da ƙuri'ar dubban mutane. Idan ka ƙi, ka zama butulu a bakin gari, ya kuma tsayar da wani a zaɓe na gaba. Ban ce ka yi siyasa ba tare da manya ba, domin babu wanda ya isa ya yi haka, amma ka zauna da duk wanda zai taimake ka, ka tambaye shi a fili abin da yake so a mayar masa, a gaban shaidu biyu da ka amince da su. Abin da ka ji ba za ka iya maimaita shi a gaban mutanen garinmu ba, kada ka amsa shi. Gara ka tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga hannun mutane da yawa, abokan karatunka da 'yan kasuwar garinmu da manoman da suka yarda da kai, ko da tafiyar za ta yi nauyi, domin wanda mutum dubu suka taimaka wa ba ya zama bawan ɗaya daga cikinsu.

Haka iyayenmu suka yi. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, teloli da 'yan koli da ƙananan malamai ne suka riƙe ta da kobo-kobonsu, ana kama su, ana ɗaure su, ana yi musu bulala, ba su bari ba. Da wannan goyon baya Malam Aminu Kano ya shiga Majalisar Wakilai a zaɓen 1959, ita wannan majalisa da kake nema yau. Mu da muka yi jam'iyyar PRP a ƙuruciyarmu mun ga amfanin siyasar da ba a sayo ta ba, domin da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979, Balarabe Musa kuma ya hau na Kaduna, sun soke haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna korar magidanta daga garuruwansu. Sun iya yin haka ne saboda talakan da yake biyan harajin shi ne ya kai su, ba wanda yake karɓa ba. Na san zamani ya canja, kuma mai ƙuri'a na yau yunwa ta koya masa karɓar taliya da atamfa, amma ban yarda cewa ya daina gane mai gaskiya ba.

Sai batun takardu, wanda matasa suke rainawa. Tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ce za ta tsayar da kai, kuma idan zaɓen fidda gwaninta bai inganta ba, ƙuri'unka sun tafi a banza komai yawansu. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar dukkan 'yan takarar APC na Zamfara, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Don haka ko 'yar tinƙe za a yi, ko maslaha, ka tabbata jami'an INEC sun halarta, kuma ka riƙe kwafin kowace takarda. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a shaidar firamare da ta sakandare da ta jami'a, su zama iri ɗaya, kada ka ƙara ko ka rage komai. Ka tuna Salisu Buhari, ɗan Kano, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1999, bai yi wata biyu ba ya sauka saboda takardar jami'a ta bogi da ƙarin shekaru. Kai ba ka da buƙatar ƙarin shekaru, tun da gyaran da aka sa wa hannu a 2018 ya sauko da shekarun takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25. Aikinka na gwamnati kuma dole ka ajiye shi aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma ka ajiye shi da sanin cewa ba lalle ka sake samun irinsa ba.

Ina so kuma ka san girman kujerar da iyakarta, don kada ka yi alkawarin abin da ba naka ba. Za ka zama mutum ɗaya cikin 360, ɗaya cikin 24 da Kano take aikawa. Ɗan majalisa ba shi da baitulmali, ba ya ba da kwangilar hanya, ba ya ɗaukar malaman makaranta. Aikinsa yin doka, da tantance kasafin kuɗi, da bin diddigin ma'aikatu don a ga inda kuɗin ya shiga. Wannan iko ba ƙarami ba ne, domin majalisar dokokin jiha ce ta tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981, amma iko ne da ake amfani da shi a zaman kwamiti, da karatun takardu masu kauri, da haƙurin neman goyon bayan wakilan Inugu da Bayelsa waɗanda ba su taɓa jin sunan garinmu ba. Mutanenmu manoman rani ne, da ruwan madatsar Tiga suke noman shinkafa da tumatir da alkama, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da take kula da wannan ruwa ta gwamnatin tarayya ce, kasafinta ta gaban majalisa yake wucewa. Wakilin da ya san yadda ake yashe magudanan ruwa, ya san lokacin da manomi yake buƙatar taki, ya san asarar da mai tumatir yake yi idan kaya suka yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, ya kuma iya tsayawa a gaban kwamiti da hujja har a saka kuɗin a kuma sake su, ya yi wa mazaɓarmu abin da rabon babura ɗari ba zai yi ba. A kan wannan nake so ka gina takararka.

Duk da haka kada ka ɗauka mutane za su bar ka da yin doka kawai. Tun da asuba za ka tarar da ƙofar gidanka cike da mai takardar asibiti, da mai kuɗin makaranta, da wanda matarsa ta haihu. Ba kwaɗayi ne ya kawo yawancinsu ba, rashin wurin zuwa ne, tun da ƙananan hukumomi sun daɗe ba sa iya ɗaukar irin wannan nauyi. Ka taimaka gwargwadon halalinka, kada ka wulaƙanta kowa, kuma idan ba ka da shi ka ce ba ka da shi, domin "ka dawo gobe" ta fi "babu" ciwo. Kuɗin ayyukan mazaɓa kuwa ba naka ba ne, ta hannun ma'aikatu ake kashe su, kuma tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin sawun waɗannan ayyuka gari-gari. Ko da babu ICPC, akwai ranar da za a tambaye ka.

Akwai abu ɗaya da idan ka yi shi zan janye hannuna daga tafiyarka a bainar jama'a, shi ne ɗaukar 'yan daba. Za a ce maka kowa yana da yaransa, kuma idan ba ka da su za a tarwatsa maka taro a sace maka akwati. Waɗannan yara 'ya'yan mutane ne, wasunsu ni na koyar da iyayensu a aji. Wanda ya saya wa yaro ƙwaya, ya miƙa masa gora da wuƙa, ya tura shi gaban mota alhali nasa 'ya'yan suna makaranta, ya ɗauki alhakin duk jinin da ya zuba, kuma bayan zaɓe makamin nan a unguwa yake zama, a kan masu waya da masu shago yake ƙarewa. Idan kana buƙatar tsaro ka nemi 'yan sanda a rubuce, ka kuma kewaye kanka da dattawa da matasa masu sana'a, waɗanda ake jin kunyar idonsu.

Haka nan sojojin baka da suke shiga gidajen rediyo da dare, da yaran da suke rubutu a Facebook da sunanka. Duk zagin da suka yi, kai ka yi shi. Abokin takararka ɗan mutane ne, kuma a ƙasa irin tamu da wuya a rasa auratayya ko maƙwabtaka tsakaninku. Ka soki aikinsa da hujja, ka bar iyayensa da iyalinsa da asalinsa. Ƙanin mahaifiyarka yana ɗaya jam'iyyar, ba kuma zai bar ta saboda kai ba, to kada in ji ka daina gaishe shi ko ka ƙi zuwa sabgarsa. Ka kai gaisuwa wurin hakimi da dagatai da limamai, domin iyayen ƙasa ne, amma kada ka jawo su cikin rigimar jam'iyya, kada kuma ka mayar da mumbarin Juma'a dandalin kamfe. Mata kuma su ne suke cika layi tun hantsi a cikin rana, ka je ka saurari abin da yake damunsu game da asibitin haihuwa da ruwan sha da makarantun 'ya'yansu, kada ka aika musu da sabulu kawai ta hannun shugabar mata.

Ranar zaɓe dukkan wahalarka tana hannun wakilanka na akwati. Na yi wannan aiki shekaru da dama, na kuma ga yadda ake sayen wakilin da aka bari da yunwa tun safe. Ka zaɓi mutanen da suke zaune a unguwar, masu iya karatu da lissafi, ka ciyar da su, ka biya su haƙƙinsu kafin ranar. Su tabbata an tantance kowa da na'urar BVAS, an ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, an rubuta sakamako a takardar EC8A, sun sa hannu sun karɓi kwafinsu, sannan su bi ta har wurin tattara sakamako na mazaɓa da na ƙaramar hukuma. Tsohuwar maganar nan ta a kasa, a tsare, a raka, har yau ba ta tsufa ba, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama lokacin zaɓen gwamnan Kano na 2019 ya san cewa a wurin tattarawa ake rasa abin da aka samu a akwati.

Idan aka ce ka faɗi kuma kana da hujjar an zalunce ka, kwana 21 kake da su ka shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180, shari'ar 'yan majalisa kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Wannan hanya ce mai cin kuɗi, kuma ba a cin ta sai da waɗancan takardu na akwati. Idan kuwa ka san faɗuwa ka yi tsakani da Allah, ka kira wanda ya ci ka yi masa murna, ka hana magoya bayanka fita titi, ka ci gaba da zuwa jana'iza da ɗaurin aure kamar yadda kake zuwa lokacin neman ƙuri'a.

Gidan da iyalinka suke ciki da gonar gado ta bakin rafi ba sa cikin kuɗin takara, kada ka sayar, kada ka jinginar, domin 'yan'uwanka mata suna da haƙƙi a gonar. Ka zauna da matarka ka gaya mata gaskiyar abin da ke tafe, tun da ita za ta ɗauki nauyin baƙi da zagin da ba ta jawo ba. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka hankalinta bai kwanta da tafiyar dare ba, ka riƙa kwana inda magariba ta same ka. Tana gaishe ka, tana gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka jagora, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, Ya tsare ka daga haƙƙin mutane.

Wassalam,

Mahaifinka.